Na Je Zariya Ban Ga Fuskar Ƙanena Ba

Jos, Alhamis da asuba

Ƙarfe biyar da kwata na fito daga gida, ko shayi ban tsaya sha ba, wasiƙar Baffa tana aljihuna. Baffa ƙanen mahaifinmu ne, shi ne babba a gidanmu na Ƙofar Kuyambana a birnin Zariya tun da Malam, mahaifin namu, ya rasu. Layi huɗu ya rubuto: in zo maza, Tanimu yana neman zubar mana da mutunci a unguwa, kuma maganata kaɗai yake ji.

Tanimu ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana da ɗan kanti na sukari da sabulu da kananzir a bakin titi. Bazarar da aka yi sanƙarau mai tsanani a Arewa, shi ma ya shiga sahun masu ɗaura farin ƙyalle a hanci da baki. To ruwa ya sauka, ciwo ya lafa, kowa ya kwance nasa, Tanimu ya ce shi atafau ba zai kwance ba. Abin da aka kira ni in kashe ke nan.

Bari in faɗi laifina tun a bakin ƙofa. Wata biyu kafin wannan tafiya ciwon ya ɗauke 'yarsa Ummi, mai sunan mahaifiyarmu, shekararta shida. Ban je ta'aziyya ba. Na ce jarrabawar ɗalibai ce ta riƙe ni, na aika takarda ta hannun wani direba. Ba jarrabawa ba ce. Tsoro ne, na zauna cikin sanyin Jos ina jiran a ce gari ya yi lafiya.

A tasha na sami tasi mai layi uku, saura mutum biyu ta cika. Naira ɗari biyu da hamsin zuwa Zariya, wai saboda wahalar mai. Na yi masifata, na biya. Shida saura minti goma muka tashi.

Daga Jengre zuwa Saminaka

Kusa da ni wata mata ce dattijuwa, ta ce ma'aikaciyar jinya ce, gida za ta Wusasa. Tun da muka tashi ta ɗaure hancinta da hankici. Direbanmu irin masu bakin nan ne da ba ya mutuwa. Muna wuce Jengre, wajen bakwai, ya dube ta ta madubi.

"Madam, motata ce ke wari, ko mu?"

"Ba ko ɗaya. Mu tara ne a ciki, gilashi kuma a rufe."

"Ai ciwon ya tafi tun ruwan farko. Ba a ba ki labari ba?"

Ni da ba a kasa da ni ba, sai na tsoma baki. Na ce wallahi direba ya yi gaskiya, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, har na ba su labarin ƙanena da ya mai da kansa abin kallo a birni. Aka yi dariya. Matar ba ta yi ba. Ta ce, "Malam, ƙyallen nan ba wanda ya ce shi ke riƙe rai. Allura da rage cunkoso sun fi shi. Amma in ka ga mutum ya ɗaura, ka bar shi, ba ka san abin da ya gani ba."

A Saminaka, takwas da minti goma, muka tarar da shinge. Sojoji biyu ne da ma'aikatan lafiya a ƙarƙashin mangwaro, wanda ba shi da katin rigakafi sai a yi masa allurar nan ta bindiga a damtse. Direban da ke cewa ciwo ya tafi, shi ne ya fara naɗe hannun riga. Na sayi ƙosai na naira goma, ban iya cinyewa ba.

Pambeguwa da Soba

A Pambeguwa taya ta yi faci, muka ɓata minti arba'in. Daga nan har Soba gonaki ne shar, masara ta kai gwiwa. A gefen wani ƙauye na hangi maƙabarta, sababbin kaburbura jere, da yawansu gajeru. Hira ta mutu a motar, har direban ya kashe kaset.

Sha biyu saura muka shigo Zariya ta wajen unguwar Kongo. Kilomita ɗari biyu da 'yan kai, awa shida. Na sauka a Tudun Wada, na hau acaɓa naira goma, muka bi ta Ƙofar Doka muka shige birni.

Zauren Baffa

Na tarar da Baffa a zaure shi da abokansa biyu. Bayan gaisuwa da ta'aziyya, wadda na yi kaina a ƙasa don kunya, aka kawo fura, ya shiga magana.

"Ɗan'uwanka ya naɗa mana amawali. Kai ka san birnin nan. Wa ke rufe baki ya yi wa dattijo magana? Sai mai sarauta, sai babban malami. Shi mai sayar da ashana ne! Liman da kansa ya je sayen sabulu, yaron nan ya gaishe shi da takunkumi a baki, ya ce kuma ya tsaya bayan benci. Liman! Ƙyamarmu yake yi ko me?"

Ɗaya abokin ya ce mata sun daina aikawa kantinsa, sun koma na gaba. Ɗayan ya ce ai ba wannan ne abin tsoro ba, cewa ake yi bai yarda da ƙaddara ba, tunda har yanzu bai haƙura da yarinyar ba. Wannan ta soke ni. A unguwarmu gara a ce maka ɓarawo da a ce ba ka da tawakkali.

Baffa ya ce, "Na ce ya cire, ya durƙusa ya ba ni haƙuri, bai cire ba. Gobe da safe zan kira shi nan. Kai ne wansa, kalma ɗaya za ka faɗa."

Na bugi ƙirji na ce an gama.

Kantin Tanimu

Bayan la'asar na taka zuwa kantin. Ga benci an gitta a ƙofa, ga buta da sabulu a gefe. Kaya cike a kanta, sun yi ƙura don rashin mai ɗauka. Tanimu yana ganina ya zagayo da sauri ya tsuguna.

"Yaya, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya su Anti da yara?"

Farin alawayyo ne, an linka shi biyu an yi masa igiya. Idanunsa kawai nake gani, sun faɗa. Na yi masa ta'aziyya, na fara kame-kamen jarrabawa, ya tare ni. "Haba Yaya, ai takardarka ta iso. Na gode."

Ina zaune wata tsohuwa ta zo sayen gishiri. Ta tsaya bayan bencin ta riƙe ƙugu. "Kai Tanimu, a gabana aka yanke maka cibi. Yau ni kake toshe wa hanci?" Ya ce, "Ki yi haƙuri, Gwaggo, ba don ke ba ne." Ta ja tsaki ta wuce ba ta saya ba. Awa ɗaya da rabi na yi a wurin, mutum uku suka shigo.

Raina ya ɓaci. Na ce masa, "Wai kai wane irin taurin kai ne wannan? Ruwa ya sauka, asibiti ma sun sallami mutane. Kanti zai mutu, kana da mata da jariri. Me za ku ci, ƙyalle?"

Bai ɗago ba. Ya ce a hankali, "Yaya, in ka ce in cire, zan cire. Kamar wancan karon."

Na ce wane karon? Sai ga wani ya zo sayen kananzir, ya tashi ya tafi aunawa, bai kuma dawo kan maganar ba.

Cikin gida

Na shiga gaida Asabe, matarsa, a sashensu da ke bayan kantin. Tana goye da jaririn, Aminu, wata biyar. A igiyar shanya na ƙirga ƙyallaye shida iri ɗaya, ita ke ɗinka masa. Na tambaye ta abin da yake nufi. Ta shiga ɗaki ta fito da takarda.

Rubutuna ne. Wasiƙar da na aiko farkon bazara a kan gyaran katangar gida. A can ƙasa, bayan na sa hannu, na ƙara layi biyu: na ji labarin wani takunkumi da kake ɗaurawa, ka cire shi, kada ka mai da gidanmu abin dariya. Wallahi na manta na rubuta. Wani ɗan unguwa ne ya zo Jos ya ba ni labarin cikin raha, na ƙara shi kamar yadda ake ƙara gaisuwa.

Asabe ta ce, "Ranar da ta iso ya cire. Na ce ya bari zafi ya wuce, ya ce Yaya ya yi magana. Ummi kuwa ka san ta, da an taso makarantar allo sai kanti, a cinyarsa take cin gyaɗa. Bayan kwana tara da cirewar ta fara ciwon kai. Wuya ya sanƙare da daddare, azahar ba ta yi ba rai ya yi halinsa."

Na rasa inda zan sa idona.

"Bai taɓa cewa kai ne ba, Yaya. Ko sau ɗaya. Kansa yake gani, wai shi ya ɗebo a kanti ya shafa mata. Ranar sadakar uku ya mayar da ƙyallen. Yanzu sai ya wanke hannu da fuska ya sauya riga kafin ya taɓa wannan jaririn."

Na fita na bi gindin ganuwa ina tafiya ba inda na nufa. Na yi ta jawo maganar matar Wusasa, cewa ba ƙyalle ke riƙe rai ba. Gaskiya ne. Yarinyar tana iya ɗaukowa a makaranta, ko a gidan biki, ko a ko'ina, kuma kwananta ne ya ƙare. Duk na sani. Amma magana zarar bunu ce, ni na zara, kuma ni ne na kasa zuwa in tsaya a kan kabarinta. Na tsuguna a bayan wani kango na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyarmu.

Juma'a da safe

A ɗakin baƙi na gidan Baffa na kwana. Ƙarfe takwas aka kawo koko da ƙosai, takwas da rabi Tanimu ya yi sallama, ya zauna a bakin ƙofa kusa da takalma. Abokan Baffa suna nan, an ƙaru da mutum biyu.

Baffa ya ce, "To, ga wanka. Bismilla."

Tanimu ya kai hannu bayan kansa ya kama igiyar, yana jira. Ko buɗe baki ban yi ba, hannunsa yana kan ƙulli. Wannan hannun har gobe ina ganinsa.

Na ce, "Baffa, a gafarce ni. Ba zan ce ya cire ba."

"Me ka ce?"

"Na taɓa cewa sau ɗaya, ya bi. Ba zan sake ba. Ranar da zuciyarsa ta kwanta zai cire da kansa."

Baffa ya ce ashe kuɗin mota na ɓata, boko ya cinye mu duka biyun. Ɗaya daga cikin dattijan ya ce to in kanti ya rufe fa? Na ce Allah ne mai ciyarwa, ni ma ban mutu ba. Na so in faɗi zancen wasiƙar ƙarara, Tanimu ya dube ni ya girgiza kai, wai kada in tona kaina a gaban mutane. Na faɗa duk da haka. Baffa ya daɗe yana jan carbi, can ya ce, "Allah ya ji ƙan yarinya," ya tashi ya shige gida. Bai ce ya yarda ba, bai kuma sake cewa a cire ba.

Bayan an sauko Juma'a Tanimu ya raka ni maƙabarta, wajen ganuwa. Kabarin bai fi tsawon tabarmar salla ba, ciyawa har ta fara fitowa. Muka yi addu'a. Na ce, "Tanimu, ka yafe mini." Ya ce, "Yaya, me ka yi? Allah ne ya ba mu, ya karɓi abinsa." Ƙyallen ya jiƙe ya manne masa a hanci, bai taɓa shi ba.

Sauran yinin a kanti na yi shi. Na zauna a kan bencin nan, duk wanda ya zo wucewa in kira shi da suna mu gaisa, kunyata ta sa wasu suka sayi ashana. Ban ruɗi kaina ba, na san gobe ba na nan. Da yamma Asabe ta aiko mini da tuwon masara miyar kuka. Tanimu bai ci tare da ni ba, dama tun muna yara ba ya sa hannu a kwanona.

Asabar, komawa

Bakwai na safe ya ɗauko jakata har tasha. Motar Jos ɗari biyu da saba'in, ta ƙara ashirin a kwana biyu, ban ce uffan ba. Da aka ce a shiga, sai na ga ya kai hannu bayan kai.

"Bari mu yi sallama sosai, Yaya. Bai kamata ka tafi haka ba."

Ga mutane cunkus, ga mai tari a bayanmu. Allah ya sani ina son ganin fuskar nan, shekara guda rabona da ita. Na riƙe hannunsa na sauke. Na ce, "Bar shi. Ka gaida Aminu."

Bakwai da rabi muka tashi. Soba tara saura, Pambeguwa goma saura kwata. A Saminaka an ɗauke shingen, mangwaron kawai ya rage. Wani fasinja ya tayar da zancen masu rufe hanci har yanzu, wai gulma ce kawai. Aka yi ta musu har Jengre. Ni dai na juya ina kallon duwatsu.

Ɗaya da minti ashirin na yi sallama a gidana. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Baffa da ya haɗiye fushinsa, da Asabe da ta nuna mini abin da ban so gani ba, da baiwar Allah ta Wusasa wadda ko sunanta ban tambaya ba.

Maiɗakina ta kawo ruwa, ta zauna, ta ce, "Ya ka baro Tanimu? Ya rame ko?"

Na ce, "Ban sani ba. Ban ga fuskarsa ba."