Malam Sabi'u da 'yan sintirin hanta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Sabi'u ya rasu.

Ina gona da safen nan ina duba wake, wani abokin aikinsa ya kira ni daga asibitin da suke gwajin jini a wajen Ɗambatta. Ya ce, "Habibu, sai haƙuri, Malam ya cika bayan sallar asuba." Zama na yi a kan kunyar waken.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta, kuma zuciyata ta ƙi barina in yi shiru.

Da yawanku kun san shi da ɗiban jini, mai tabarau ɗin nan da aka ɗaure wa ƙafa da zare. Ni kuwa, bayan ikon Allah, shi ne sanadin da har yau nake tafiya da ƙafata.

A shekarar da tsada ta tsananta, lokacin da gidaje da yawa a garinmu suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a rana, na je ba wata 'yar'uwarmu jini. Aka gwada aka ce nawa ba zai yiwu ba, ina ɗauke da cutar hanta, wadda suke kira hefataitis B. Kawunnaina biyu, ƙannen Inna, da kumburin ciki suka tafi, kuma a gabana aka yi jinyarsu.

Malam ya ja ni bayan ɗakin gwaji ya zaunar da ni a benci.

"Ka daina kallona kamar na karanta maka ranar mutuwarka," in ji shi.

Ya ɗauki biro ya zana hanta a bayan wata takarda. Allah ya jiƙansa, zanen ya fi kama da ƙosai.

Ya ce, "Duk abin da ka ci, jini ne ke kwaso shi daga hanji ya biyo da shi ta hanta. A bakin hanyoyin jinin nan Allah ya zaunar da wasu ƙwayoyin halitta, a boko makirofej, ni 'yan sintiri nake ce musu. Ƙwayar cuta ta biyo, su cafke su haɗiye. Jinin da ya tsufa, su kwashe. Ko hutun sallah ba sa zuwa."

Na ce to ai shi ke nan, su haɗiye wannan ma mu huta.

Ya yi dariya. "Wannan cikin naman hantar take shigewa ta ɓuya. Kuma halin ɗan sintiri ka san shi, in kullum ana ɓarna a unguwa, kullum cikin gayya da faɗa yake. Faɗan nan shi ke kumbura hanta ya bar tabo, tabo kan tabo har ta ƙandare. Amma in aka sarara musu, su ɗin dai ne ke share wurin su taimaka ya warke. Kai dai kada ka ƙara musu abokan gaba."

Ya hana ni jiƙe-jiƙen da ban san abin da ke ciki ba, da ƙwayoyin ciwon jiki da nake afawa in na dawo gona. Ya haɗa ni da likita, ya ce in kawo iyalina a gwada su a yi musu rigakafi. Har na miƙe ya ce, "Wace sana'a ake yi a gidanku?"

Na ce man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Sai ya cire tabarau ya ce in koma in zauna.

Mutanen yankinmu kun san yadda muke yi. Kafin a ɓare gyaɗa sai a yayyafa mata ruwa a bar ta ta kwana, don kada ƙwayar ta kakkarye. A ɓare a ɗura a buhu da sauran danshinta. Ranar tsinta, mai kyau ta zama ta kasuwa. Wadda ta yanƙwane, da mai baƙi-baƙi, da mai ɗaci, ita ce ta gida. A shekarun nan ta gida ce miyarmu, ita ce kununmu, ita ce ƙulin kwaɗonmu.

Malam ya ce fumfunar da ke kama irin wannan gyaɗa tana barin dafin da suya ba ta kashewa, dafuwa ba ta kashewa. Ga mai cuta irin tawa kuma ta fi muni, don faɗa biyu ne za a haɗa wa 'yan sintiri.

Na dawo gida da zafina na faɗa wa Inna. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ka je asibiti yini guda ka dawo za ka koya mini gyaɗa? A wannan marrar zan zubar da abinci? Habibu, ka ji tsoron Allah."

Ni ma ban iya magana ba, na ɗaga mata murya, abin da har yau nake kunyarsa. Na daina cin miyar gidan. Ita kuma ta ɗauka abincinta na raina, ta daina amsa gaisuwata da daɗi.

Da na kai wa Malam ƙara, cewa ya yi, "Kai ne ba ka da wayo. Ranar Asabar ina zuwa."

Ya zo a tsohon mashin ɗinsa, ba farar riga ba komai. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ja faifai ya zauna a tabarma yana taya ta tsinta. Sun daɗe suna hirar damina kafin ya ce, "Inna, me ya yi ajalin ƙannenki?"

"An ce sammu ne."

"Allah ne masani. Amma wace gyaɗa suka tashi suna ci?"

Ya nuna ni da haɓa ya ce, "Wannan da ke tsaye ma ita yake ci, kuma tasa hantar ba ta riga ta yi tabo ba."

Can ta ce, "To zubarwa zan yi?"

"A'a. Ki matse ta daban ki yi sabulu da man. Ai ba a cin sabulu. Tunkuzar kuwa a binne ta, ko awaki kada a ba."

Ta harare shi ta ce, "Kai malamin asibitin nan ka cika iyayi." Amma daga ranar ba a sake yayyafa wa gyaɗa ruwa a gidanmu ba. A kan tamfol ake shanya ta har ta bushe ƙayau, in ta karye wajen ɓara ta karye. Yau a layinmu Inna ce ke yi wa mata faɗa a kan gyaɗa mai ɗaci, kai ka ce ita ta gano abin.

Da labarin cutata ya fita, wasu a majalisarmu suka fara janye hannu in na sa nawa a kwano. Malam ya ji. Ya zo ranar wani suna, ya zauna kusa da ni, muka ci shinkafa a kwano ɗaya kowa yana kallo. Da ya gama ya ce, "Ba ta kwano take bi ba. Ku dai kula da askar wanzami da allura."

In ya kira ni a waya ba ya cewa yaya jiki. "Yaya 'yan sintiri?" Haka yake tambaya.

Haɗuwarmu ta ƙarshe watan jiya ne. An yi mini hoton ciki, likita ya ce hantata lafiya lau, babu tabo. Na wuce da takardar wajen Malam ina ta washe baki. Na same shi ya rame, idonsa ya yi rawaya, ya sa babbar riga a ranar aiki, abin da ba ya yi, ashe kumburin ciki yake ɓoyewa.

Ya karanta takardar sau biyu. "Alhamdulillahi. Kai ka tsira, in sha Allahu."

Na ce, "Malam, kai fa? Me ke damunka?"

Ya yi murmushi. "Ni ma ɗan mai ƙuli ne, Habibu. Tawa sai da ta ƙandare aka gano. Tun kafin ka zo hannuna na sani."

Wallahi duk shekarun nan ban taɓa tambayarsa tasa lafiyar ba. Wannan shi ya fi yi mini ciwo yau.

Ya karɓi katina ya rubuta ranar gwaji na gaba, ya ce, "Ko ina nan ko ba na nan, ranar nan ka zo."

Zan je, Malam. Wani ne zai ɗaure mini hannu ya ɗebi jinin, amma zan je, kuma ba da tsoro zan je ba.

Ya Allah ka gafarta wa bawanka Sabi'u. Ka sa ciwon da ya ɓoye mana ya zama kaffara, ka yalwata kabarinsa, ka ba iyalinsa haƙuri, ka tsaya wa 'ya'yansa yadda ya tsaya wa 'ya'yan wasu.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya wuce bai sa shi a addu'a ba.