Kwalbar da Kaka Ta Yi Gadi

Tun kafin ruwan farko ya sauka a shekarar 1976 nake da wani tsoro a cikina, ban kuma gaya wa kowa ba. Daminar da ta wuce zazzaɓi ya ɗauke ƙanwata Binta tana rarrafe, ga shi Inna ta sake haihuwa, namiji, ana ce masa Iro. A tunanina na 'yar shekara tara, damina ce ke cin jarirai. Ranar da hadari ya fara haɗowa, yaran gidanmu na Kurmin Mashi suka fito tsakar gida suna tsalle suna jiran wankan ruwan sama, ni kuwa ina bakin ƙofa da Iro a bayana, ina ta ƙara ɗaure zanen goyo kamar wani zai fizge shi.

Gidan haya ne, ɗakuna a jere, rijiya a tsakiya. Babanmu kafinta ne a Doka, da sassafe yake fita a kan kekensa. Aikina shara da wanke-wanke da jan ruwa in cika randa, in na gama mu yi carafke da 'yan matan gidan. Mai mulkin ɗakinmu ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. A bayan ɗakinta akwai wata tsohuwar tukunyar jiƙo, saiwoyi da ɓawon itace a ciki, da ita ake yi wa Iro wanka don tsarin zazzaɓi. Ba a rufe ta. Kaka ta ce sai raɓa da ruwan sama sun shiga maganin ke yin ƙarfi.

A lokacin babu wanda mata ke tsoro kamar duba-gari, ma'aikatan duba tsabtar gidaje. Da an ce ga su nan, sai ka ga ana kifar da kasake ana jan randa a ɓoye a bayan ƙofa. Sukan zo da kaki da ludayi, su kamfaci ruwa su duba, in suka ga 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil sai faɗa, a zubar da ruwan a gabansu. Babu wanda ya taɓa gaya mana laifin tsutsotsin.

Cikin daminar nan aka turo wata budurwa mai koyon aikin, Rifkatu, ta yi wa matan gidanmu bayani. Ta tsaya a rana da takarda a hannu tana karantowa, rabi Hausa rabi Turanci. Masu daka ba su ajiye taɓarya ba. Da ta ga ba a saurare, sai ta zagaya ta leƙa tukunyar Kaka, ta ce a zubar yanzu. Kaka ko tashi ba ta yi ba. Ta ce, "'Yar nan, da wannan jiƙon na yi wa uban yarinyar nan wanka. Ke ɗan wa kika taɓa goyawa?" Mata suka kwashe da dariya. Da na fita zubar da shara na gan ta a zaure tana goge ido da bayan hannu.

Na ɗauka ba za ta dawo ba, sai ga ta wata ranar da atamfa, ba kaki ba takarda. Ta durƙusa ta gaida Kaka, ta zauna a tabarma ta taya mu ɓare gyaɗa. Can ta ce, "Kaka, ku yi haƙuri, ranar nan ban iya magana ba. Ludayi ɗaya nake roƙo." Ta zuba ruwan jiƙon da tsutsotsinsa a kwalba mai faɗin baki, ta rufe da ƙyalle, ta miƙa wa Kaka zare ta ce ita ta ɗaure da hannunta. "Ku ajiye a wurinku, kada kowa ya taɓa, har ni. Ku dai riƙa dubawa."

Kaka ta ɗauka wata dabara za a yi mata, don haka ta ajiye kwalbar a kan gadonta wajen matashi, ko banɗaki za ta sai ta ja ƙofa. Ni kullum in na kai mata koko sai na leƙa. Tsutsotsin suka yi ƙiba, daga baya suka dunƙule kamar ƙugiya. Wata safiya Kaka ta kira Inna, muryarta ƙasa-ƙasa. Sauro ne, manne a jikin kwalbar daga ciki, ƙafafu zaƙo-zaƙo. Kaka ta juya kwalbar, ta duba ƙullin zaren, nata ne babu wanda ya kwance. Sai ta sa takalmi ta bi ɗaki-ɗaki da kanta tana nuna wa mata. Matar direba ta ɗakin ƙarshe ta ce, "Ashe mu ke kiwon su, kamar kaji."

Sai bayan nan Rifkatu ta yi bayaninta, kuma ba ta ja shi ba. Ta ce sauro kan ciji mai zazzaɓi ya je ya ciji mai lafiya, kuma a ruwan da ya kwanta yake haihuwa. Kaka ta tambaye ta jiƙon nata fa. Ta ce ita ba ta san sirrin saiwa ba, amma a rufe tukunyar, a riƙa sauya ruwan, in kuma jikin yaro ya yi zafi a kai shi asibiti a ranar, kada a jira. Kaka ta ɗaure bakin tukunyar da tsohon zane ta ɗora faifai. Mu yara muka bi gida muna kifar da gwangwanaye, muka cike kwatamin bakin rijiya da yashi, Baba kuma ya sayo gidan sauro.

Duk da haka Iro ya yi zazzaɓi gab da ƙarshen daminar. Jikinsa ya yi rau, na ce a raina shi ke nan. Amma Inna ba ta jira dawowar Baba ba, ta goya shi, Kaka da kanta ta bi ta da lema har asibiti. Ya tashi. Yau ya fi Baba tsawo, shi ke riƙe da zarto a shagon.

Yanzu ni ma ina da 'ya'ya biyu, kuma har yau in hadari ya haɗo sai na taɓa goshinsu. Asibiti ya fi na da kyau, amma ranar awo a tsaye ake yi mana bayani, da sauri, mu yi ta gyaɗa kai mu fito ba mu gane ba, kunya ta hana mu tambaya. Ban san inda Rifkatu take ba, Allah dai ya saka mata da alheri. Kai da ka yi karatu, ke da kika san abin da ba mu sani ba, don Allah in kun zo wurinmu ku zauna, ku nuna mana mu gani da idonmu.