Goggo Mai Tsumma Za Ta Ajiye Allura

Kullum da hantsi Goggo Mai Tsumma takan buɗe ɗan shagonta da ke ƙarƙashin bene, ta zazzage buhun ƙyallayen da teloli suka zubar, ta ware ja gefe, shuɗi gefe. Shekara talatin ke nan tana ɗinka wa yara dabbobin da suke ji a tatsuniya ko suke gani a katun. Ita kuwa ba ta taɓa zama ta kalli katun ko ɗaya ba. Ƙa'idarta ita ce yaro ya siffanta da bakinsa, ita ta ɗinka abin da ta ji.

Mai gyaran takalmin da ke kusa da ita ya sha ganin iyaye na miƙa mata hoto a waya tana turewa. Ni ma ta ture tawa.

"Malam, mayar da abarka aljihu. Kai za ka rungumi 'yar tsanar?"

Na ce, "Goggo, ai 'yar tawa Auta ba ta magana. Tun rasuwar uwarta, wata bakwai ke nan."

Ta ce, "To sai mu jira. Ina za ni? Ƙafafun nan sun riga ni yin ritaya."

Asabar huɗu Auta na zaune kan benci, Goggo na ɗinkinta, ba mai cewa uffan. A ta biyar Goggo ta ɗaga wani kunkuru da ta maƙala wa kunnuwan zomo da gangan. Auta ta ɓata rai ta ce, "Ba haka yake ba. Hula gare shi." Fita na yi na jingina da bango.

Har yau a shagon nan kaɗai take buɗe baki. A gida sai dai ta gyaɗa kai.

Yanzu hannun Goggo rawa yake yi, allura na suɓucewa, zare ya ƙi shiga. Ƙarshen wata za ta rufe, ɗanta zai tafi da ita wani gari mai nisa. Teloli shida na zaga ina roƙon wani ya gaji aikinta. Kowa sai ya ce 'yan tsanar roba sun cika kasuwa, wa zai bar aiki ya zauna jiran bakin yaro?

Goggo, ke ce mai kunnen da ba ya gajiya. Ke ce kika ɓata ɗinkinki don 'yata ta gyara miki. Na gode, Allah ya saka miki, ya sassauta wa hannun nan.

Jama'a, in akwai mai allura da haƙuri, don Allah ya zo kafin wata ya mutu, Goggo ta ce za ta koya masa. Har yanzu dai ba wanda ya leƙo.

Jiya muka gaya wa Auta. Ta daɗe tana kallon Goggo, sannan ta ce, "In kin tafi, wa zan riƙa gaya wa?"

Goggo ta dube ni. Na sunkuyar da kai.