Ranar da Na Kira Shi Katafila

Shekara ashirin da biyu Mordecai ya yi yana dako a kasuwar Sabon Gari, kuma ni Akinola, mai sayar da injinan niƙa a layin 'yan ƙarfe, ni na karya masa baya. Ban taɓa shi da hannu ba. Da baki na yi.

Daga wani ƙauye bayan Kachia ya zo Zariya yana saurayi. Ranar da ya fara shigowa layinmu sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙarƙashin rumfata. Ƙato ne na gaske, tafin hannunsa kamar faifai. Amma kada girman ya ruɗe ka. Mutumin nan tsoron allura yake yi, tantabaru yake kiwo a gidan hayarsa a Muchia, ranar Lahadi kuma yana can bayan mawaƙa a coci yana riƙe musu babbar murya. Ban taɓa jin ya zagi kowa ba. Ni kuwa, Allah ya sani, kafin ƙarfe tara na safe na zagi mutum uku.

Mu 'yan kasuwa mun gano lagonsa da wuri. In ka ce, "Mordecai, zo ka ɗauki wannan," zai zagaya kayan, ya taɓa da ƙafa, ya ce, "Oga, wannan na mutum biyu ne." Kuma gaskiyarsa. Amma in ka ɗaga murya yadda duk layi zai ji, ka ce, "Ina Ƙato?" sai ka ga ya yi murmushi ya gyara gammo. Mutum ne da ba a taɓa yaba masa a kan komai ba sai ƙarfi. Aji huɗu ya bar makaranta, kuma ya taɓa gaya mini malaminsa ba ya kiransa sai in za a matsar da benci.

Da sunan Ƙato ya tsufa a kunnensa, sai muka nemo waɗanda suka fi. Buhu biyu na siminti, Basamude. Firiji mai ƙofa biyu, Toron Giwa. Bernard mai sayar da tayoyi ya kawo Gingimari, wato babbar motar kaya, aka yi wata guda ana yayinsa. Na san sunayen nan daki-daki kamar yadda na san lambobin sifana, na san wanne ke kwance wane nauyi. Akwai guda ɗaya da ni na raɗa, na ɓoye shi don ranar da abu ya gagara: Katafila, motar nan mai ture gini. Sau biyu ko uku a shekara nake fito da shi. In na faɗa, har masu shayi barin tukunya suke su zo kallo.

Wata Talata cikin damina, shekara uku ke nan, wani malamin jami'a daga Samaru ya sayi injin dizal, irin babban nan, zai kai gonarsa. Hadari ya haɗo, motarsa ta tare hanya, ana ta yi masa hon, shi kuma sai duba agogo yake. Na aika aka kira Mordecai.

Ya zo yana ɗingishi kaɗan. Na ga tsumman da ya ɗaure ƙugunsa da shi a ƙarƙashin riga. Na gani, wallahi na gani, kada wani ya ce ban gani ba.

Ya ce, "Oga, bayana ya kwana biyu yana damuna. Abokan aikina sun je cin abinci, a ba su minti goma."

Malamin ya yi tsaki. Ni kuma raina ya ɓaci, kunya ta kama ni a gaban mai saye. Minti goma fa! Na fito tsakiyar layi, na buɗe maƙogwaro.

"Jama'a, ku zo ku gani! Yau Katafila na neman taimako!"

Aka fashe da dariya. Wani ya ɗauka, "Katafila!" Wani ya ƙara, "Toron Giwa!" Mordecai ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon wanda ke roƙo. Na sake faɗa, da ƙarfi. Sai ya juya ya durƙusa, muka ɗora masa injin a gadon baya, mu uku muna nishi. Ya miƙe. Taku bakwai ne zuwa motar, na ƙirga su a raina sau dubu tun daga ranar. Ya sauke, layi ya kaure da tafi. Ya dawo ya zauna a dakalin shagona, ya ce a ba shi ruwa. Da ruwan sama ya sauko kowa ya gudu cikin rumfa, shi yana zaune yana jiƙewa. Na daka masa tsawa ya shigo. Ya ce, a hankali, "Oga, ƙafafuna ba sa ji."

Wata biyu ya yi a asibiti a Shika. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Na kai abin da na kai, amma ban iya shiga ɗakin ba. A baranda matarsa Lucia ta tare ni, 'yar ƙaramar mace, ba ta kai kafaɗata ba.

Ta ce, "Oga Akin, a gida sunansa Baban Peculiar. Duk dare ni nake gasa masa baya da ruwan zafi. Ku kuna da giwa, ni mutum nake aure."

Na juya na bar asibitin.

Sai bana na yi ƙarfin halin zuwa Muchia. Na same shi a ƙofar gida cikin keken guragu, yana watsa wa tantabaru dawa. Ya rame, kafaɗun sun zube. 'Yarsa Peculiar tana karatu a Samaru yanzu, Lucia na suyar ƙosai a bakin titi. Na zo da jawabin neman gafara da na yi shekara uku ina shiryawa. Na fara, "Mordecai, ni ne na..."

Ya katse ni da dariya. "Haba Oga, Mordecai kuma? Kowa Mordecai, kowa sannu, kowa ya jiki. Na gaji da sannu." Ya dubi hannuwansa. "Kai kaɗai ka iya faɗinsa yadda ya kamata. Faɗa mini sau ɗaya."

Na ce ba zan iya ba. Ya ce don Allah.

Na faɗa, can ƙasa-ƙasa. "Katafila."

Fuskarsa ta washe. Sai na ga ya dafa hannayen keken da ƙarfi, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana ƙoƙarin miƙewa.