Guzurin Tafiyar da Ba Mu Yi Ba

Tun ina budurwa na san Abuja, ko da yake ban taɓa taka ta ba. A littattafan soyayya na san ta, waɗanda nake karɓowa haya a wani ɗan shago kusa da makarantarmu, in ɓoye a cikin hijabi. Can ake kai amarya idan labari ya kusa ƙarewa. Ƙofar gida ta buɗe da kanta, mota ta shige a hankali, fitilu su haska furanni, ango ya juyo ya ce ta share hawayenta, ta iso gida. Ni kuwa ranar da aka ɗauko ni daga gidanmu a Fadaman Mada zuwa Ƙofar Ran, motar ta kasa shiga lungun. Da ƙafa na ƙarasa, ƙawayena suna tattare mini bakin zane kada ya taɓa kwata.

Ban yi baƙin ciki da auren ba. Mijina mai sayar da atamfa da shadda ne a Kasuwar Muda Lawal, mutum ne marar hayaniya, kuma kullum da azahar sai ya hau babur ya dawo gida ya ci abinci. Sai dai gidan nasu babban gida ne na gado, sassa a jere, tsakar gida ɗaya. Idan na soya albasa, kowa ya sani. Idan na yi sabon ɗinki, kafin in saka an riga an san inda aka ɗinka.

Wata rana, yana cikin cin dambu, ya ajiye cokali ya ce yayansa da ke Abuja ya buɗe shago na biyu, yana so ya zo ya riƙe masa. Akwai gidan haya a bayan gari da za a kama mana. Yaya yana son amsa kafin azumi, don a lokacin ake sauke kayan Sallah.

Na ce, “To me ka ce masa, Malam?”

“Na ce zan tambaye ki.”

Na yi dariya, na zaci wasa yake.

Ya ce, “Da gaske nake. Ni shago ne nawa, ko a nan ko a can. Ke ce za ki yini a gidan da yara. Ki yi tunani. Abin da kika ce, shi zan faɗa masa.”

A duk littattafan da na karanta, ban taɓa ganin inda aka tambayi yarinyar ba. Ɗaukarta ake yi a tafi. Don haka sai na rasa yadda ake yi da irin wannan kyauta.

Kwanakin farko a sama nake tafiya. Ina wanke-wanke ina jera falona na Abuja a zuci, har launin labule na zaɓa. Kuma ba mafarki ne kawai ba, akwai dalilai na gaske. Zan samu banɗakina ni kaɗai. Ba mai ɗaga mini labule da sassafe yana neman aron ludayi. Yara za su shiga makaranta mai kyau. Malam zai huta da zaman jiran ciniki a watannin da kasuwa ke mutuwa. Amma da na kai nan sai in tuna da Inna, mahaifiyata, da ciwon gwiwarta, da yadda keke mai ƙafa uku ɗaya ke kai ni wurinta kafin shayi ya huce. In tuna ban san kowa a can ba sai matar Yaya, ita ma gaisuwar biki ce kawai tsakaninmu. Da safe in tashi a kan za mu tafi, kafin la'asar na fasa.

Da abin ya ishe ni, sai na shiga ɗakin Gwaggo, ƙanwar mahaifin Malam, wadda ta fi kowa shekaru a gidan. Na same ta tana tsince wake a faifai.

“Gwaggo, shawara na zo nema.”

Na kwashe komai na faɗa mata. Ta saurara har na gama, sannan ta ture faifan gefe.

“Allah sarki. Yaushe ne tafiyar?”

“Ai ba a yanke ba, Gwaggo. Ya ce ni zan zaɓa.”

Ta dube ni da tausayi. “'Yar nan, ni na haifi uban wani a gidan nan. Maganar tashi ba ta isowa kunnen mace sai maza sun gama ta a zaure. Lallashinki yake yi. Yaron kirki ne, shi ya sa.”

Na rantse mata, ta ce to, to, ta ji. Ashe ba ta ji ba. A iya saninta, da sanin duk matan unguwar, ba a taɓa yin haka ba. Idan mace ta buɗe baki ta ambaci ƙaura, to an riga an ɗaure kaya.

Washegari da hantsi aka fara sallama a ƙofata. A unguwarmu ba a barin mai ƙaura ya tafi hannu sake. Kowace mace takan kawo guzuri daga abin da take da shi, ta zauna kaɗan, sannan ta nemi gafara, don ba a san ko za a sake haɗuwa ba. Ta farko ta kawo kuka a leda. Ta biyu daddawa. Aka kawo busasshiyar kuɓewa, aka kawo yaji, wata tsohuwa ta aiko da man shanu a kwalba.

Ina ta cewa, “Wallahi ba a tsayar da magana ba.”

Su kuma suna cewa, “Haka ne, haka ne. Ki dai ajiye. An ce can ko kuka sai an shiga mota ake samowa.”

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce faccalata, matar ƙanin Malam. Mun daɗe ba ma shiri, a kan igiyar shanya. Ita ta ce mijinta ne ya ɗaura, ni na ce ƙusar a bangona take. Gaisuwa kawai muke yi, ita ma a taƙaice. Sai ga ta da kwanon gero dakakke, ta zauna a bakin gadona, ta fara magana.

“Yayata, duk abin da na yi miki ki yafe mini. Wallahi idan kika tafi ban san da wa zan riƙa faɗa ba.”

Ta fashe da kuka, ni ma na fashe. Muka yafi juna, muka sha ruwa a kofi ɗaya. Bayan ta fita na zauna ina kallon ledojin da suka taru a bayan ƙofa. Na karɓi guzurin mutane. Na karɓi hawayensu. Da wane ido zan fito tsakar gida in ce na fasa? Tun ban zaɓa ba, ga shi ana nema a zaɓa mini.

Da Malam ya dawo da azahar ya tsaya yana kallon kayan.

“Wa zai yi tafiya?”

“Mu, in ji Gwaggo.”

Ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Ni ban yi ba. Na ce masa yanzu kam dole mu tafi, ko don kunya.

Ya daina dariyar. “A'a. Ke na tambaya, ban tambayi daddawa ba. Idan kina so, mu tafi. Idan ba kya so, kunyar mako ɗaya ce, za ta wuce.”

Labari ya haura har Fadaman Mada. Maƙwabciyar Inna, wata ma'aikaciyar jinya Kirista daga kudancin jihar nan, wadda muke kira Maman 'yan biyu, ta biyo ta wurina bayan ta tashi daga aiki, da ƙullin acca a hannu. Ita ce ke duba hawan jinin Inna, kuma ta taɓa zama a bayan garin Abuja lokacin da mijinta ke aiki a can. Na riƙe ta na ce ta faɗa mini gaskiya.

Ta ce, “Ƙanwata, ba zan ɓata miki garin ba. Makaranta akwai, asibiti akwai, kuma ba mai sa miki ido. Ni na ji daɗin wannan sosai. Ki rufe ƙofarki, ki yi abin da kike so.”

“To me ya dawo da ku?”

“Aikinsa ne ya ƙare. Amma ki san wannan. Daga inda za ku zauna zuwa kasuwa, hanya ce mai cunkoso. Maigidanki zai fita kafin gari ya waye, ya dawo yara sun yi barci. Wannan abincin rana da yake zuwa ci, ki manta da shi.”

Ban taɓa saka abincin rana a cikin lissafin ba. Abu ne da na saba da shi har na daina ganinsa: ƙarar babur a lungu, sallamarsa, yadda yake cire hula ya rataye a ƙusa ya ba ni labarin wata mata da ta sa aka sauke mata rabin shago ta tafi ba ta sayi komai ba. A littattafai ango yakan kawo sarƙar zinare a cikin akwati. Nawa angon kuwa rana yake ratsowa ya zo ya ci dambu a gabana.

Kafin ta tafi ta miƙo mini wani abu mai nauyi, naɗe a tsohon zane. Ta ce Inna ce ta ba ta ta kawo mini. Na buɗe, sai na ga tandar Inna, ta ƙasa, wadda ta yi baƙi saboda shekaru. A cikinta take soya mana masa duk ranar Juma'a, idan an sauko daga masallaci muka je da yara.

Ko mayafin kirki ban tsaya nema ba, na zura hijabi na tari keke. Na sami Inna a tsakar gida ta miƙe ƙafa a kan tabarma.

“Inna, me ya sa kika aiko mini da tandarki?”

“An ce masar can ba ta da daɗi.”

“Ke fa?”

“Ni kaɗai zan hura wuta saboda masa? Ki tafi da ita. Sabuwa tana kama ƙullu, wannan ta riga ta horu.”

Na jira ta ce kada in tafi. Ba ta ce ba. Ta ce Allah ya sa alheri ne, mace tana bin mijinta, kuma waya ta rage nisa. Sannan ta shiga tambayata ko na sami wanda zai ɗaure mini kwanuka kada su fashe a mota. Tana magana tana murza gwiwa, ba ta kalle ni ba.

A keken dawowa, muna tsaye a cunkoson bakin kasuwa, na lura ina kallon masu lemo da masu tura baro kamar wadda ke yi musu kallon ƙarshe, kuma ƙirjina ya yi nauyi. Sai na gwada cewa a zuciyata, ba za mu tafi ba. Nan take nauyin ya sauka. Na sake gwada ɗayar, za mu tafi, ya dawo. Ban ƙara neman shawarar kowa ba.

Washegari na bari ya gama cin abinci, sannan na ce, “Malam, mu zauna a garinmu.”

Ya sauke numfashi mai tsawo. “Alhamdu lillahi.”

“Au, dama ba ka so?”

“Ina so da safe, da yamma ba na so. Da kin ce mu tafi, da na tafi da zuciya ɗaya.”

A gabana ya kira Yaya. Ina jin muryar Yaya ta cikin wayar, ransa bai yi daɗi ba. Ya ce dama irin wannan ba ta zuwa kullum, ya ce ko matarka ce ta hana. Malam ya ce mu biyu ne muka ga zamanmu a nan ya fi. Da ya kashe wayar na ji wani abu ya ɗan soke ni. Falon nan da na jera, da labulensa, shi ke nan. Har yau idan bazara ta yi zafi aka ɗauke wuta, ko aka ɗaga mini labule ba sallama, nakan tuna da shi.

Saura fita tsakar gida. Na kwashi ledojin a babban kwando, da niyyar in bi ɗaki ɗaki in mayar wa kowa nasa. Gwaggo ta hango ni.

“Ina za ki da wannan?”

“Mun fasa tafiyar, Gwaggo. Zan mayar musu.”

Ta saki baki. “Kun fasa? Shi ya fasa dai.”

“Ni na ce mu zauna.”

Gwaggo ta riƙe haɓa. “Ikon Allah. Ashe da gaske tambayarki ya yi.” Sai kuma ta haɗe rai. “Maza mayar da kwandon nan ɗaki. Wa ya taɓa mayar da guzuri? So kike a ce kin raina abin hannun mutane?”

Faccalata ta leƙo daga kicin da muciya a hannu. “Wai ba za ku tafi ba? To ni hawayena fa, wa zai biya ni?”

Matan gida suka fito ana ta shewa. Na tsaya riƙe da kwando, kunya kamar in nutse, amma bakina ya ƙi rufuwa don murmushi.

Gwaggo ce ta raba gardamar. Ta ce wanda aka yi wa ban kwana ya riga ya zama matafiyi, ba yadda za a yi a wayi gari a gan shi a tsakar gida kamar ba a yi komai ba. Dole a zo a yi mini sannu da zuwa, ni kuma in dafa abin da za a ci.

Haka aka yi. Ranar Asabar da la'asar na shimfiɗa tabarmi, suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya cikin mayafan fita unguwa, har da waɗanda ɗakinsu ke kallon nawa. Kowacce ta zauna ta gyara murya.

“Maraba da mutanen Abuja. Ya hanya? Ya kuka baro su Yaya?”

Na sunkuyar da kai yadda baƙuwa ke yi, na ce, “Lafiya lau. Suna gaishe ku.”