Kawu Iro da Tulumbawansa

Ku da kuka san Kawu Iro, Allah ya jiƙansa, kun san ba ya buɗe baki sai da “A ƙasar Tulumbawa…” Ka gaishe shi, ya ce a ƙasar Tulumbawa sai an tambayi lafiyar shuka kafin ta mai ita. Ka ba shi ruwa, sai ya fara neman wani tsiro ya ɗiga masa kafin ya kai baki. Aljihunsa kuwa kullum cike da iri, kuɓewa ce, yakuwa ce, wake ne. Inna ta wanke masa riga sau ɗaya ba ta lalube ba, shekara uku muna cin miyar kuɓewa daga bakin makwararar gidanmu na unguwar Pumpumre!

Saboda amaren da suka shigo dangi daga baya, bari in faɗa muku gaskiya: babu wasu Tulumbawa. Kawu, ƙanen Innarmu, shi ya ƙera su da bakinsa. Wai wasu manoma ne can bayan duwatsun Kayele, ba su da sarki sai wanda irinsa ya fi na kowa daɗewa a rumbu, wuƙaƙensu duk ba tsini, kuma a tarihinsu kaf yaƙi ɗaya suka taɓa yi, da tsuntsaye. Tulumbawan aka ci. Aka yi sulhu, tun daga ranar kowane Batulumbe yana bar wa tsuntsu kunya ɗaya a gonarsa. Mu dangin 'yan kasuwa ne tun kakanninmu da suka zo Garwa da fatauci, kowa na shago, shi kaɗai ya kama fartanya ya ƙi saki.

A shekaru biyun ƙarshe na rayuwarsa abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Yayyena biyu, Yaya Sani da Yaya Mudi, sun daina magana. Yaya Sani, shi ne babba, ya sare lemon tsamin da Baba ya dasa don motarsa ta samu shiga. Yaya Mudi kuwa ya kira magini ya toshe ƙofar da ke tsakanin sassansu da bulo. Liman ya yi magana, Inna ta yi kuka har ta gaji. Kawu ya ce, “Ku bar min su. Ba zan kwanta dama ba sai na ji sun kira sunan juna.”

Inna ta ce, “Da me za ka gyara, Iro? Da mutanen naka na iska?”

Ya ce, “Yaya, naku na gaske me suka gyara?”

Ba Inna kaɗai ke tsokanarsa ba. Metir Buba, maƙwabcinmu da ya yi ritaya daga koyarwa a lekol, wato makarantar boko, ya taɓa zuwa da taswira ƙatuwa ya shimfiɗa a zaure.

“To Iro, yau dai sai ka nuna min. Ga Kayele, ga Kolofata, ga har Cadi. Ina Tulumbar?”

Kawu ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, kamar mai neman allura. “Metir, waɗannan layukan fa?”

“Iyaka ce.”

“Wa ya ja su?”

“Waɗanda suka yi jayayya a kan ƙasa, aka raba musu.”

“To ka gani! Mutanen da ba su taɓa jayayya ba, wa zai zana su? Naɗe takardarka, ta masu faɗa ce.”

Metir ya naɗe ya tafi yana ta magana shi kaɗai da Faransanci.

Sai kuma maganar awakin Dada Asta, wata tsohuwar Bafulatana a layinmu. Suka shiga lambun Kawu na bayan gida suka cinye yakuwar tas. Muka ce yau za mu ga fushin Kawu. Ina! Ya ɗauko damin harawa a ka, ya kai mata har gida, wai a ƙasar Tulumbawa akuya ba ta sata, yunwa ce ke aikenta, don haka mai lambu ke kai gaisuwa. Suka sake shiga, ya sake kaiwa, har da dusa. A karo na uku Dada Asta ta tare shi a bakin ƙofa, hannu a ka, ta fara da “useni”, kalmar roƙo ta Fulatanci.

“Useni, Iro, don Allah ka zage ni in huta! Duk unguwa na kallona!”

Tun daga ranar awakin nan ba su ƙara ganin titi ba.

Ni dai abin yakan dame ni ta wajen addini. Wata rana ina tsince masa wake na ce, “Kawu, ba ka tsoron mala'iku su rubuta maka ƙarya?”

Ya ce, “Hajo, kin taɓa ji na rantse?”

“A'a.”

“Na taɓa cin abin wani da sunansu?”

“A'a.”

“To tatsuniya ce mai gona. Tsince wakenki, kin bar tsakuwa.”

Da damina ta janye, lokacin dashen masakwa, dawar rani, ya zo. Kawu na da karal a bakin kogin Binuwai, irin baƙar ƙasar nan mai riƙe ruwa. Wanda ya taɓa dashen ya san ba aikin mutum ɗaya ba ne: ɗaya na gaba da ƙaton turke mai nauyi yana huda rami, ɗaya na binsa yana zuba ruwa yana saka dashe biyu. In na baya ya yi nawa, ramin ya zube. In na gaba ya yi sauri, an bar layi babu komai. Dole a riƙa magana.

Kawu ya naɗe ƙafarsa ta dama da tsumma, ya ɗingisa zuwa shagon Yaya Sani. “Ɗana, ƙafa ta ci amanata, dashe zai bushe. Ba ni da kowa sai kai.” Ya fito ya tari mai mashin zuwa wajen Yaya Mudi, ya faɗi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya, har da “sai kai” ɗin. Ni kuma ya ce in dafo ɗanwake in biyo.

Da hantsi na iso na tarar da su, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, 'yan kasuwa da agogo da takalmin fata a cikin taɓo. Kawu na zaune a inuwa ya miƙe ƙafa.

Ya ce, “A ƙasar Tulumbawa, in biyu suka ɓata, ba a kai su gaban kowa. Turke ɗaya ake ba su da tulu ɗaya. Ba mai tashi sai layi ya ƙare.”

Yaya Sani ya ce, “Ina ƙarshen layin?”

“Tsoho ke faɗa. Ban faɗa ba tukuna.”

Kunyar Kawu ta hana su tafiya. Yaya Sani ya ɗauki turke, Yaya Mudi ya ɗauki ruwa. Ba a yi rami goma ba sai na ji, “Hajara, gaya wa wancan ya rage sauri.” Na gaya. “Hajara, gaya wa mai maganar ba rawa na zo ba.” Na buɗe baki ke nan Kawu ya ɗaga sanda.

“Kai! Tulumbawa suna cin tarar ɗan saƙo. Hajo, hukuncinki ki zo inuwa ki ci ɗanwake.”

Na je na karɓi hukuncina da yaji da mai.

Wayyo, ku zo ku ga aiki! Wannan ya huda can, wancan ya zuba ruwa nan. Layi ya karkace kamar maciji ya bi ta wurin. Rana ta take, gumi har cikin ido, tsaki kawai ke tashi. Can Yaya Sani ya ɗaga turke da ƙarfin haushi, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a taɓo, turken ya yi sama zai sauko masa a ka. Yaya Mudi ya yar da tulu ya cafke shi.

“Yaya! Ka ji ciwo?”

Yaya Sani ya dube shi daga ƙasa, taɓo har kunne, ya ce, “Mudi, tsohon nan so yake ya kashe mu.”

“Wallahi tun ɗazu nake son in faɗa maka!”

Sai ga Kawu ya miƙe zumbur, ya taho da gudu yana juya sanda a sama. Yaya Mudi ya ce, “Kawu, ƙafar fa?” Ya tuna, ya tsaya cak, ya fara ɗingishi. Da ta hagu! Na yi dariya har ɗanwake ya sarƙe ni. Su biyun suka riƙe juna suna dariya, sai na ga Yaya Sani na goge ido da bayan hannu, ya ƙara shafa wa fuskarsa taɓo.

Kawu bai sallame su ba fa. Ya ce layi bai ƙare ba, sai da suka dasa masa rabin karal. Da yamma ya ce, “Yanzu ya ƙare,” ya ba kowannensu goro rabi. Washegari su biyu suka fasa bulon nan da hannunsu, ba su ma kira magini ba.

Kawu bai ga girbin masakwar ba. Zazzaɓin kwana huɗu ne, ya cika ranar wata Alhamis bayan la'asar, da kalmar shahada a bakinsa. Matan gida ba ma zuwa maƙabarta, amma daga zaure na leƙa lokacin da aka fito da shi, na ga yayyena biyu a gaban makara, kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na ce wa ɗaya, “A hankali, akwai tudu.”

Ya Allah, bawanka Iro ya zo maka. Ka san bai taɓa kwana da kowa a ransa ba, ya kuma haɗa zumuncin da ya gagare mu. Ka yafe masa abin da harshensa ya ƙara, ka sanyaya makwancinsa, ka saukar da shi a gidan da babu gaba a cikinsa. Amin.