Abin da Aka Cire a Salansar Baba

Shekarar da idon Baba ya yi rauni ni na karɓi tuƙin motarsa, na kuma gaji wata 'yar wuta ruwan ɗorawa mai siffar inji da ta ƙi mutuwa a gaban sitiyari. Motar ta koma shan mai kamar ana tsiyayarwa a ƙasa, ga warin hayaƙi da ke sa ni ciwon kai kafin in isa asibitin da nake aiki. Baba ya ce ba komai, amininsa ya duba, wutar ce ke ƙarya.

Aminin nan bakanike ne a Gyaɗi-Gyaɗi, tun ban san kaina ba shi ke gyara wa Baba mota. Bayan rasuwar mahaifiyarmu mutane suka ɗauke ƙafa, shi kaɗai ya rage yana zuwa bayan la'asar su yi hira a ƙofar gida.

Ni kuwa ba na iya barin abu a duhu. Ban shawarci kowa ba na kai motar wani gareji a Tarauni inda ake jona kwamfuta. Mai garejin ya ce sensar da ke auna hayaƙin salansa ce ta daina aiki. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito yana kaɗa kai, ya ce in sunkuya in gani da idona. An datse wayar sensar, an farke tukunyar salansa, an kwashe abin tace hayaƙin da suke kira indomi, wanda ake saye da tsada, sannan aka liƙe da walda. Mutum ɗaya ne ke taɓa motar nan.

Na dawo gida zuciyata na tafasa, na zazzage wa Baba komai ban rage ba. Na ce gobe sai na je na ci mutuncin mutumin nan a gaban jama'a.

"Ki ƙyale shi," in ji Baba. "In kika je, wa zai riƙa zuwa wurina?"

Washegari aminin nasa ya zo. Na kai musu ruwa kamar zan fashe. Ya tambayi mota, Baba ya ce lafiya lau take.

Har Baba ya rasu mutumin bai fasa zuwa ba, Baba bai fasa sa a shimfiɗa masa tabarma ba. Abin da har yau ke ci mini rai shi ne, da zarar ya yi sallama ya tafi, sai in ga Baba ya miƙa hannu yana laluben gefensa, ya tabbatar rediyonsa na nan.